CIWON DAJIN MAMA: DON ALLAH A BAR TA TA ƘARASA MAGANINTA

Yau ina roƙon ku ɗan ajiye labaran soyayya da na kishi a gefe, ku ara mini hankalinku a kan wata magana da ba a cika son tayar da ita a zaure ko a tsakar gida ba, wato ciwon dajin mama, wanda wasu ke kira sankara, wasu kuma kansa. Maganar da nake tafe da ita guda ɗaya ce. Matar da ta daure ta je asibiti aka gano mata wannan ciwo, aka ɗora ta a kan maganin nan mai wahala da ake kira kemo, sau da yawa mu danginta ne muke janye ta tun maganin bai kai ƙarshe ba. Muna yi ne da sunan tausayi, alhali kuwa tausayin nan shi ke kai ta inda muke gudun ta je. Ra'ayina shi ne ƙarasa wannan magani aikin gida ne gaba ɗaya, kuma sai mun gyara yadda muke jinya da yadda muke dubiya kafin matanmu su riƙa tashi daga wannan ciwo kamar yadda matan wasu ƙasashe suke tashi.

Bari mu fara da girman abin. Ƙididdigar da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar game da shekarar 2022 ta nuna cewa a wannan shekara kaɗai mata fiye da 32,000 ne suka kamu da ciwon dajin mama a Nijeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. Babu wani nau'in ciwon daji da ya kai shi yawa a ƙasar nan. To, a ƙasashen da suka ci gaba, cikin mata 100 da aka gano musu ciwon, fiye da 90 suna nan da ransu bayan shekara 5. Amma wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bi diddigin mata a ƙasashen Afirka 5, ya samu cewa a asibitocin Nijeriya da aka duba, a Aba da Owerri, kimanin 36 ne kacal cikin 100 suka kai shekara 3. Ciwo ɗaya ne, jiki ma iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen lokacin da aka je asibiti, da kuma ko an yi maganin har ƙarshe. Shi ya sa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirinta na yaƙi da wannan ciwo a 2021 ta kafa shi a kan ginshiƙi uku: a gano aƙalla kashi 60 na masu ciwon tun yana mataki na 1 ko na 2, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, sannan aƙalla kashi 80 su ƙarasa maganinsu. An sha yin magana a kan na farko a rediyo, musamman a watan Oktoba. Na ukun ne ba a cika taɓawa ba, kuma shi ne ya fi zama a hannunmu.

Mu da ke Kawaji ba za mu ce nisa ne ya hana mu ba. Asibitin Sir Muhammadu Sanusi yana nan Yankaba a kan titin Haɗeja, asibitin Nassarawa, wanda ake kira Muhammad Abdullahi Wase, ɗan A Daidaita Sahu zai kai ka, asibitin Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, ga kuma asibitin Murtala a cikin gari. A farkon 2023 aka ƙaddamar da cibiyar kula da masu ciwon daji ta jihar Kano a Giginyu, cikin ƙaramar hukumarmu ta Nassarawa. Iyayenmu mata da ke ƙauyukan Jigawa ko Damagaram suna da uzurin hanya. Mu abin da ke tsakaninmu da likita yana cikin kawunanmu ne da cikin aljihunmu.

Abu na farko da ke cikin kawunanmu shi ne tsohuwar maganar nan da kowa ya tashi ya ji, wai daji ba ya son ƙarfe. Wai da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi, sai ya fusata ya bazu. Ta dalilin wannan magana mace za ta ji ƙullutu a mamanta ko kaluluwa a hammatarta, ta yi wata shida tana shafe-shafe, ta yi wani wata shidan tana jiƙe-jiƙe, sai fata ta fashe ta fara wari sannan a ɗauke ta a kai asibiti. Idan likita ya taɓa a wannan lokaci kuma rai ya yi halinsa, sai a ce ai dama an faɗa, ƙarfe ne ya tayar da shi. Ba wanda zai tuna shekara gudan da ciwon ya yi yana cin jiki a ɓoye. Gaskiyar magana ita ce yawancin ƙullutun da mata ke ji a mama ba daji ba ne, kuma babu hanyar tantancewa sai an ɗebo 'yar tsoka da allura an duba ta a ɗakin gwaji. Wannan ɗiban ba ya baza ciwo. Shi ne ma yake nuna irin dajin, domin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda sinadarin jikin mace ke ciyar da shi, wannan ana bin sa da ƙwayar tamoksifen ko makamanciyarta tsawon shekara 5 zuwa 10. Akwai mai alamar da likitoci ke kira HER2, shi kuma yana da allurarsa ta musamman mai tsada. Akwai wanda ba ya da ko ɗaya daga cikin alamomin, wanda kemo ne babban makaminsa. Wanda bai yarda an yi gwajin ba, ya zaɓi a yi harbi a duhu ke nan.

Sai ranar da sakamako ya fito. A nan ma muna da wata ɗabi'a, likita ya kira miji ko yaya gefe a yi ƙus-ƙus, a dawo a ce wa mai ciwo ai ɗan ƙari ne, za a ba ki magani ya narke. Ana ganin an rufa mata asiri ne daga tashin hankali. To amma yaya za a yi mace ta jure wata biyar ko shida na amai da kasala a kan ɗan ƙari? Dole ta ga wahalar ta fi ƙarfin ciwon, ta ce a bar shi haka nan. Wadda aka gaya wa gaskiya cikin lallashi, ta yi kukanta ta share hawaye, ita ce ke iya ɗaure ɗamara, domin ta san da wa take kokawa. Jikinta ne, kuma ita za ta kwanta a sa mata ruwan. Abin da ya dace shi ne ta shiga wurin likita da mutum ɗaya da ta amince da shi, mai riƙe da takarda da biro, domin wanda aka gaya wa irin wannan labari rabin bayanin ba ya shiga kunnensa. A tambaya a rubuta: ciwon yana mataki na nawa, wane iri ne, zagaye nawa za a yi, aiki ne farko ko kemo, za a buƙaci gashi da na'ura ko ba za a buƙata ba, kuma wace lamba za a kira idan wani abu ya taso cikin dare.

Yanzu bari mu zo kan shi kemon, tunda shi ne dodon. Ƙwayoyin ciwon daji suna hayayyafa da sauri fiye da ƙa'ida, shi kuma maganin an yi shi ne ya bi jini ya kashe duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa. Matsalar ita ce a jikin ɗan Adam akwai wurare masu lafiya da su ma haka suke: saiwar gashi, fatar cikin baki da ta hanji, da ɓargon ƙashi inda ake ƙera jini. Don haka idan maganin ya shiga sai ya haɗa da su. Daga nan ne zubewar gashi da gyambon baki da ƙarancin jini suke fitowa. Su waɗannan wurare masu lafiya suna farfaɗowa, shi ya sa ake ba da maganin zagaye-zagaye, galibi duk bayan sati 3, sau 6 ko sau 8, a bar jiki ya huta a tsakani. Kafin kowane zagaye sai an gwada jini an ga ya dawo. Wanda ya fahimci wannan ba zai ga gashi a kan matashin kai ya ce magani na kashe ta ba.

Gashin yakan fara zuba ne sati 2 zuwa 3 bayan zagayen farko, wani lokaci har da gira. Kada wani ya raina wannan don wai ai mace ce mai ɗankwali da hijabi, ba mai gani. Ita tana gani, mijinta yana gani, kuma duk wanda ya san matsayin kitso a wurin 'ya mace ya san ba ƙaramin rashi ba ne. Abin da ke rage zafin shi ne a gaya mata tun kafin ya faru, ta tsefe kitsonta ta rage tsawon gashin da kanta, a tanadi hula mai laushi ta auduga, sannan a riƙa tuna mata cewa yana dawowa bayan an gama magani. Haka kuma ɗaya daga cikin magungunan da aka fi amfani da su, doksorubisin, ja ne wur, kuma yakan sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu. Gida nawa aka kwana ana salati an ɗauka jini take fitsarwa, don kawai ba a yi musu bayani ba? Wani maganin kuma yakan sa farce ya yi baƙi, yatsun hannu da na ƙafa su yi kamar sun mutu ko ta ji kamar ana tsira mata allura. Wannan a gaya wa likita da wuri, domin yana iya rage yawan maganin. Al'ada ma tana iya rikicewa ko ta ɗauke, amma duk da haka ciki na iya shiga, kuma ba a son ciki ko shayarwa a lokacin kemo, saboda haka wannan magana ce da miji da mata za su yi da likita ba tare da kunya ba.

Tashin zuciya da amai su ne suka fi karya gwiwa, amma yau akwai magungunan hana amai masu ƙarfi, kuma sirrinsu shi ne a sha su a kan lokacin da aka rubuta, tun kafin zuciyar ta fara tashi. Sauran aikin na madafi ne. Mai kemo hancinta yakan yi tsini, ƙamshin suyar albasa ko hayaƙin turaren wuta da muke ganin gata ne yana iya juya mata ciki. A yi girki nesa da ɗakinta, a ɗaga mata turaren na 'yan kwanakin nan. Kada a cika mata kwano da tuwo a tsaya a kanta ana cewa sai ta cinye. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini ya fi: kunun gyaɗa, koko, fate, alale, dafaffen ƙwai, farfesun kifi ko na kaza marar yaji, da ruwa mai tsabta a kai a kai. 'Yar citta a ruwan ɗumi tana taimaka wa wasu. Idan baki ya yi gyambo a riƙa kuskurewa da ruwan gishiri mai ɗumi, a sauya buroshi mai laushi, a bar yaji da tsami.

Akwai abu guda da nake so ko an manta da duk abin da na rubuta a riƙe shi, wato zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, suna yin ƙasa sosai. A wannan tsakani ƙwayar cutar da mai lafiya ba zai ma san ta shige shi ba tana iya kayar da mai kemo cikin sa'o'i. Mu kuwa a Kano duk zafin jiki maleriya ne ko taifot, a aiki yaro kemis ya sayo magani, a haɗa da farasitamol, a ce a ga abin da gobe za ta yi. Ga mai kemo wannan jira na iya zama ajali. Duk gidan da ke da irin wannan majinyaciya ya sayi ma'aunin zafin jiki, kuɗinsa bai kai na atamfa ba. Idan ya nuna 38 ko fiye, ko tana rawar ɗari, ko amai da gudawa sun ƙi tsayawa, a tafi asibiti a daren, a kuma gaya wa duk nas ko likitan da aka tarar cewa tana kan kemo, ga ranar da aka sa mata na ƙarshe. Saboda wannan rauni ne kuma ake so ta kwana cikin gidan sauro, ta ƙaurace wa yankakkiyar kankana ta bakin titi, da nonon talla da ba a dafa ba, da ɗanyen ganyen da ba a wanke da kyau ba.

Wannan ya kawo mu kan dubiya. Mun gaji cewa zumunta a ƙafa take, kuma ba na jayayya da haka. Amma kowa ya san yadda dubiyarmu take: mata goma sha a ɗaki ɗaya, da goyo da mai tari da mai mura, a zauna tun hantsi har la'asar, mai ciwo ta tashi zaune tana amsa gaisuwa alhali ko magana wahala take ba ta. Ba a nan ma ta tsaya ba. Wannan ta ce wance ma haka aka yi mata, zagaye uku ta yi ta cika. Waccan ta ce ita dai ba ta yarda da abin nan ba, dubi yadda ya mayar da ke. Wata ta kwance bakin zani ta fito da ƙullin gari, wai daga wurin wani mai magani da ya warkar da mutum ɗari. Wata kuma ta matso ta rage murya ta ce anya ba hannu a ciki, ke da kike da abokiyar zama? Kafin magariba an rushe duk ƙarfin halin da baiwar Allah ta yi sati tana tarawa, an kuma dasa gaba a gida. Ciwon daji ba jifa ba ne, ba ya kuma yaɗuwa ta kwano ko ta shimfiɗa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matan da ke kamuwa da shi ba a samun wani dalili a tare da su in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Su kuwa garin magani da sassaƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, hanta da ƙoda suke ɗora wa kaya, su ne kuma gaɓoɓin da ke aikin fitar da kemon daga jiki.

Dubiyar da nake kira a koma gare ta mai sauƙi ce. Mai mura ya yi gaisuwarsa ta waya. Wanda ya zo ya wanke hannu, ya yi minti goma, ya yi addu'a ya tashi. Mai son lada da gaske ta ɗauki wankin yara, ko ta karɓi girkin ranar da aka dawo daga asibiti, ko ta raka ta ta zauna da ita sa'o'in da ruwan ke shiga. Samari majiya ƙarfi su je a gwada su su ba da jini idan an buƙata. A samu mace ɗaya mai baki a gidan, uwa ko yaya, ta zama mai gadin ƙofa, wadda za ta iya cewa ta yi barci, Allah Ya ba da lada, ba tare da jin nauyin kowa ba.

Tarko na biyu ya fi na wahala haɗari, domin shi da fuskar alheri yake zuwa. Da yake yawancin matanmu ciwon ya riga ya girma kafin su je, likitoci kan fara da kemo don ƙullutun ya ƙanƙance sannan a yi aiki. Sau da yawa bayan zagaye biyu ko uku sai a laluba a ji ya motse, wani lokaci ma a neme shi a rasa. Sai murna ta kaure, a ce Allah Ya kawo sauƙi, me ya rage kuma da za a je a yanke mata mama? Wani ma sai ya ce ai garin nan da aka karɓo ne ya yi aiki. A daina zuwa. Bayan wasu watanni ciwon ya dawo, wannan karon ya leƙa ƙashi ko huhu ko hanta. Abin da hannu ke iya lalubowa daban, ƙwayoyin da suka rage waɗanda ido ba ya gani daban, kuma saboda su ne aka tsara sauran zagayen da aikin da gashin. Motsewar ƙullutu albishir ne cewa magani ya karɓe ta, dalili ne na a ci gaba.

Na san mai karatu zai ce duk wannan zance ne, kuɗi fa? Gaskiya ne, kuma ba zan rufe ido a kai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, kuɗin magani da na mota suka yi tashin gwauron zabi, kuma mutanen Kano sun yi shekara da shekaru suna tafiya Shika ta Zariya, wajen kilomita 150, ko Sakkwato ko Abuja, idan an rubuta musu gashi. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, a asibitoci 6 da suka haɗa da na Shika da na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Asusun bai kai ko kusa da yawan mabuƙata ba, wannan kuwa haƙƙi ne a wuyan masu mulki da 'yan majalisar da muka zaɓa. Duk da haka a je ofishin walwalar marasa lafiya na asibiti a tambaya, kada a yi zuciya. Amma mu ma mu dubi kanmu. Dangin da ke iya haɗa kayan ɗaki da gara da anko kala uku cikin wata biyu, ba za su ce zagaye shida ya gagare su ba sai sun gwada. Kuskuren da ake yi shi ne kowa ya kawo abin da zai kawo a satin farko da labari ke da zafi, a zagaye na huɗu kuma a waiga ba kowa. Tun ranar farko a tambayi kiyasin kuɗin maganin gaba ɗaya, a zauna a raba, wane ya ɗauki zagaye na biyu, su wance su ɗauki na biyar, kamar yadda ake tsara adashe. Masu fitar da zakka a Kantin Kwari da Singa da kasuwar Yankaba su ma su tuna cewa ga inda dukiyarsu za ta ceci rai.

Ku kuma maza, 'yan'uwana, a nan ake gane namiji. Mata da yawa da ke ƙin yarda a yi musu aiki ba wuƙar suke tsoro ba, abin da zai biyo baya a ɗakin aurensu suke tsoro. Tana lissafin ranar da za ka kalle ta ka kawar da kai, ko ranar da za ta ji ana kai lefe wani gida tana kwance. Kalma ɗaya daga bakinka, cewa ke nake so da ranki ko da mama ko babu, ta fi mata ƙarin jini leda biyu. Kai za ka sa hannu a takarda, kai za ka hana masu kawo gari, kai za ka tare 'yan'uwanka idan suka fara cewa ana zubar da kuɗi a rijiya. Matar da ta shayar maka da 'ya'ya biyar da wannan maman ba ta cancanci ranar da ya zame mata ciwo ta zama ita kaɗai ba.

Akwai masu cewa sun ga wadda aka sayar da fili aka yi mata komai, ta sha wahala, kuma ta rasu, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba na raina wannan magana, domin masu faɗinta da hawaye suke faɗa. Gaskiya ne idan ciwon ya kai mataki na 4, ya bazu zuwa wasu gaɓoɓi, magani ba ya tumɓuke shi, sai dai ya rage masa gudu ya sassauta raɗaɗi. A irin wannan hali haƙƙin iyali ne likita ya gaya musu gaskiya, haƙƙin mai ciwon ne kuma ta zaɓi iya abin da za ta ɗauka, a kuma ba ta maganin raɗaɗi mai ƙarfi kada a bar ta tana murƙususu. Amma kada a ɗauki labarin wadda ta je a makare a yanke wa wadda ta je da wuri hukunci da shi. Waɗanda suka warke suna nan, shiru kawai suke yi saboda kunya, shi ya sa labarin mutuwa kaɗai ke yawo a unguwa. Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda daga baya mijinta ya yi gwamnan Ondo, an gano mata ciwon a 1997, aka yi mata aiki a Ibadan, ta tashi ta kafa ƙungiyar wayar da kai a kan ciwon. A nan Arewa, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta daɗe tana wannan fafutuka ta gidauniyarta ta Medicaid, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Muna buƙatar matan Kano da suka warke su ma su fito su yi magana, ko da a islamiyya ne ko a gidan suna.

Addu'a kuwa ba ta taɓa yin faɗa da asibiti ba. A yi sauka, a yi sadaka, a yi tofi, sannan ranar zagaye a kama hanya. Idan azumi ya riske ta tana kan magani, malamai ba su yi saɓani ba cewa marar lafiya yana da rangwamen ya sha ya rama, don haka kada a bar ta ta ƙuntata wa kanta, ko ta ɗaga zagaye wata guda saboda kunyar idon mutane.

Daga ƙarshe ina da ƙorafi a kan marubutanmu, tunda a dandalinsu muke. A littattafai da finafinanmu, da zarar likita ya cire tabarau ya ambaci kansa, mai karatu ya san saura shafi kaɗan a yi zaman makoki. Ciwon ya zama hanyar kawar da uwargida don amarya ta shigo, ko sakayyar da ake saukar wa muguwar kishiya. Matan da ke karanta waɗannan littattafai, ko suke sauraron ana karanta su a rediyo, da wannan hoton suke shiga ɗakin likita. Alhali alƙalamin nan ya taɓa yin aiki: Balaraba Ramat Yakubu ta tayar da maganar auren dole da karatun 'ya mace a Wa Zai Auri Jahila?, Ibrahim Sheme kuma ya taɓo karuwanci da ƙanjamau a 'Yartsana. Me zai hana a ba mu tauraruwar da gashinta ya zube ya sake tsirowa, wadda kishiyarta ce ma ke raka ta asibiti, ta ƙarasa zagaye takwas ta aurar da 'yarta? A cikin wata shidan nan akwai tsoro da kishi da bashi da soyayya da za su cika littafi uku, kuma wata a Dakata ko Gama za ta karanta ta tashi ta koma asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya ba masu jinya haƙuri da abin yi, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Ya jiƙansu da rahama. Wassalam.